Gwanayen bugu na farko a wasan ƙwallon gora na Amurka, da rigimar da ke cikin alƙalumansu

Ranar 29 ga watan Mayun 2024, hukumar da ke kula da manyan gasannin ƙwallon gora na Amurka, wadda aka fi sani da MLB, ta sauya sunan da ke saman jerin gwanayen bugu na tarihi. Ty Cobb, wanda ya riƙe matsayin kusan shekara ɗari, ya koma na biyu. Wanda ya hau samansa shi ne Josh Gibson, baƙar fata da ya rasu tun 1947, wanda launin fatarsa ya hana shi shiga gasar da Cobb ya yi suna a cikinta. Babu wani sabon wasa da aka buga a ranar. Kundin tarihi ne aka buɗe wa mutanen da aka daɗe da rufe musu shi.

Amurkawa na tinƙaho da cewa babu wasan da aka adana alƙalumansa kamar wannan, wanda suke kira besbol. Amma duk wanda ya bi diddigin gwanayen farko zai tarar da cewa dokokin da ake sauyawa, da kurakuran magatakarda, da son zuciyar masu ƙungiyoyi, da wariyar launin fata, duk suna da hannu a jerin da ake karantawa yau.

Yadda ake auna gwanin bugu

A wannan wasa, mai jifa yana wurga ƙwallo, mai bugu kuma yana ƙoƙarin dukansa da gora. Idan ya doke shi ya ruga ya isa zangon farko kafin abokan hamayya su tare shi, an ce ya yi bugun nasara. Zanguna huɗu ne a filin, wanda ya zagaye su duka ya ci maki ɗaya. Idan kuwa ƙwallon ya tsallake shingen fili gaba ɗaya, mai bugu zai zagaye zangunan ba tare da tsangwama ba. Wannan shi ne bugun ƙetare shinge.

Ma'aunin da ya fi daɗewa shi ne matsakaicin bugu: a raba yawan bugun nasara da yawan lokutan da ɗan wasa ya tsaya bugu. Ana rubuta shi da lamba uku. Wanda ke da .300 ya yi nasara sau 300 a cikin tsayuwa 1,000, kuma hakan ya isa a kira shi gwani. Samun .400 a kaka guda abu ne da ya gagari kowa a manyan gasannin biyu tun bayan Ted Williams a 1941. Ɗan jarida Henry Chadwick, haifaffen Ingila da ya fara da rubuta labarin wasan kurket, shi ne ya yaɗa wannan lissafi tare da jadawalin sakamako da jaridu ke bugawa bayan kowane wasa.

Farkon wasan albashi

Ƙungiyar Cincinnati Red Stockings ce ta fara fitowa fili a 1869 da 'yan wasan da dukansu ke karɓar albashi, kuma ba a doke ta ko sau ɗaya ba a shekarar. A 1871 aka kafa gasar ƙwararru ta farko, National Association, wadda ta rushe bayan kaka biyar. A 1876 aka kafa National League, wadda ke nan har yau, sannan American League ta shigo sahun manya a 1901.

Gwanin farko na wancan zamani shi ne Ross Barnes. Ya haura .400 sau huɗu tsakanin 1871 da 1876, kuma a kakar farko ta National League ya samu .429 a ƙungiyar Chicago. Dabararsa ita ce ya doki ƙwallon ya faɗi cikin fili sannan ya gangara waje ta gefe, inda masu tsaro ba sa iya cim masa da wuri. Doka ta yarda da hakan a lokacin. A 1877 aka soke dokar, a shekarar kuma rashin lafiya ya kama shi, bai sake komawa yadda yake ba.

Labarin Barnes ya nuna wahalar kwatanta mutanen farko da na baya. Sai a 1884 aka bar mai jifa ya ɗaga hannu sama da kafaɗa. Kafin 1887 mai bugu ne ke zaɓar a jefo masa ƙwallo ta sama ko ta ƙasa. A 1887 an ƙirga zangon kyauta, wanda ake ba mai bugu idan jifa ya yi ta kaucewa, a matsayin bugun nasara. Shi ya sa aka rubuta wa Tip O'Neill na St. Louis .492 a shekarar, daga baya aka mayar da shi .435. A 1893 aka matsar da mai jifa baya zuwa ƙafa 60 da inci 6, nan take alƙaluman masu bugu suka yi sama. Shekara guda bayan haka Hugh Duffy na Boston ya samu .440.

Cap Anson: gwani da katangar da ya taimaka aka gina

Babu wanda ya kai Adrian Anson, wanda ake kira Cap, suna a ƙarni na 19. Ya buga kaka 27, daga 1871 zuwa 1897, mafi yawansu a Chicago inda ya haɗa wasa da jagorancin ƙungiya. Shi ake ɗauka a matsayin mutum na farko da ya tara bugun nasara 3,000. Amma adadin nasa ya danganta da kundin da mutum ya buɗe: wani ya ba shi 2,995, wani 3,435, gwargwadon ko an ƙirga shekarunsa na National Association da kuma yadda aka yi da dokar 1887.

Ɗaya gadon da ya bari ya fi wannan nauyi. A watan Agustan 1883, ƙungiyarsa ta je Toledo wasan sada zumunta, sai ya ce ba zai shiga fili ba muddin Moses Fleetwood Walker, baƙar fata, yana cikin abokan hamayya. Da aka shaida masa cewa zai rasa kasonsa na kuɗin ƙofa, ya haƙura ya buga. A watan Yulin 1887 a Newark ya samu yadda yake so: baƙin 'yan wasa ba su fito ba. A ranar ce kuma masu ƙungiyoyin International League suka ƙada ƙuri'ar daina ba baƙaƙe sabon kwantiragi. Anson ba shi kaɗai ya gina katangar ba, amma shi ne babban tauraron da ya fito fili ya goyi bayanta. A manyan gasanni ba a taɓa rubuta haramcin a takarda ba. Fahimtar juna ce tsakanin masu ƙungiyoyi, kuma ta yi aiki har 1947.

Brouthers, Keeler da Delahanty

Dan Brouthers, ƙato mai bugu da hagu, ya lashe kambun matsakaicin bugu sau biyar, ya kuma kammala da .342. Willie Keeler kishiyarsa ne: gajere, mara nauyi, wanda hikimarsa ita ce aika ƙwallo wurin da babu mai tsaro. A 1897 ya samu .424 a Baltimore, ya kuma yi bugun nasara a wasa 44 a jere.

Ed Delahanty na Philadelphia ya haura .400 sau uku, ya ƙetare shinge sau huɗu a wasa guda a 1896, ya kuma bar matsakaicin .346. Ƙarshensa ya zo a watan Yulin 1903. Yana fama da bashi da shaye-shaye, ya bar ƙungiyarsa ta Washington ya hau jirgin ƙasa, aka sauke shi kusa da iyakar Kanada saboda tayar da hankalin fasinjoji. Ya bi gadar jirgin da ƙafa cikin dare, ya faɗa kogin Niagara. Yana da shekara 35.

Bayan waɗannan sunaye akwai wata doka da ta ɗaure su duka. Tun 1879 masu ƙungiyoyi suka ƙirƙiro sharaɗin riƙe ɗan wasa, wanda ya hana shi komawa wata ƙungiya ko da kwantiraginsa ya ƙare. 'Yan wasa sun yi tawaye suka kafa gasarsu a 1890 ƙarƙashin John Montgomery Ward, kuma Brouthers da Delahanty na cikin waɗanda suka shiga. Kaka ɗaya gasar ta yi ta mutu. Sharaɗin kuwa ya rayu har 1975.

Zamanin mataccen ƙwallo: Wagner da Lajoie

Daga 1900 zuwa 1919 maki ya yi wuya. Ana amfani da ƙwallo ɗaya har ya yi laushi ya yi baƙi, masu jifa kuma suna shafa masa yawu ko ruwan taba don ya riƙa karkacewa. Filayen suna da faɗi, ƙetare shinge ya zama abin mamaki. Gwani a lokacin shi ne mai iya saka ƙwallo a gurbi, ya yi gudu, ya saci zango.

Honus Wagner, ɗan baƙin haure daga Jamus wanda ya shiga ramin haƙar kwal tun yana yaro, ya lashe kambun National League sau takwas a Pittsburgh, ya tara bugun nasara sama da 3,400. A gasar ƙarshe ta 1909 ya haɗu da Cobb: Wagner ya samu .333, Cobb .231, Pittsburgh ta ɗauki kofi. Wani ɗan kati mai hotonsa da kamfanin taba ya buga, wanda aka dakatar da wuri saboda bai amince ba, an sayar da shi dala miliyan 7.25 a 2022.

Napoleon Lajoie ya samu .426 a 1901, adadin da har yau babu wanda ya wuce a American League. Ya samu hakan ne bayan ya tsallake daga Phillies zuwa Athletics, duka a birnin Philadelphia, don neman ƙarin albashi. Tsohuwar ƙungiyarsa ta kai ƙara, kotun ƙolin jihar Pennsylvania ta hana shi buga wa kowa sai ita. Tun da hukuncin bai wuce iyakar jihar ba, sai aka mayar da shi Cleveland, ya riƙa kauce wa tafiya Philadelphia har rigimar ta lafa. Farin jininsa ya kai har aka riƙa kiran ƙungiyar Cleveland da sunansa.

Ty Cobb da motar 1910

Cobb ya fara buga wa Detroit a watan Agustan 1905, makonni kaɗan bayan mahaifiyarsa ta harbe mahaifinsa har lahira da dare; ta ce ta zaci ɓarawo ne, kotu kuma ta wanke ta. Ya buga kaka 24, ya kammala a 1928. A kundin hukuma yana da .367, bugun nasara 4,191 da kambu 12. A wurin masu bincike kuwa .366 ne, 4,189, da kambu 11. Tushen saɓanin yana a 1910.

A shekarar, kamfanin motoci na Chalmers ya yi alƙawarin mota ga wanda ya fi kowa matsakaici. Cobb na gaba da Lajoie, sai ya zauna bai buga wasannin ƙarshe ba. A ranar ƙarshe Cleveland na da wasa biyu da St. Louis Browns. Kocin St. Louis, Jack O'Connor, ya umarci sabon ɗan wasan da ke gadin zango na uku ya ja baya sosai. Lajoie ya riƙa ɗan taɓa ƙwallo ya gangara wurin da aka bari a buɗe, ya tashi da bugun nasara takwas. Shugaban gasar, Ban Johnson, ya bincika ya ce Cobb ne ya yi nasara da .385 a kan .384. Kamfanin ya ba kowannensu mota, O'Connor kuma ya rasa aikinsa.

Shekara 71 bayan haka, a 1981, jaridar Sporting News ta wallafa binciken da ya nuna cewa an shigar da wani wasan Cobb sau biyu a littafin gasar, aka ƙara masa bugu biyu da bai yi ba. Idan aka cire su, Lajoie ne a gaba. Kwamishinan wasan na lokacin, Bowie Kuhn, ya ƙi gyara kundin. Don haka da Pete Rose ya zo karya tarihin a watan Satumban 1985, adadin 4,191 aka sa masa a gaba.

Sunan Cobb ma ya sha irin wannan. Mutum ne mai zafin rai. A 1912 ya haura wurin 'yan kallo a New York ya lakaɗa wa wani mai zaginsa duka, aka dakatar da shi, abokan wasansa suka ƙi fita fili don nuna goyon baya. Amma yawancin munanan labaran da aka fi saninsa da su sun fito ne daga marubuci Al Stump, wanda daga baya aka gano ya ƙirƙiri labarai da takardun bogi. Littafin Charles Leerhsen na 2015 ya rushe da dama daga cikinsu, ya kuma tuna wa mutane cewa a 1952 Cobb ya fito ya goyi bayan shigar baƙaƙe manyan gasanni.

Joe Jackson da cin hancin 1919

Joe Jackson ya tashi yana aikin masaƙa a South Carolina, bai iya karatu da rubutu ba. A cikakkiyar kakarsa ta farko, 1911, ya samu .408. Matsakaicinsa na rayuwa .356 ne. A 1919 yana cikin Chicago White Sox da ta sha kashi a gasar ƙarshe a hannun Cincinnati, daga baya ta bayyana cewa 'yan caca sun sayi wasu daga cikin 'yan wasan. Jackson ya amsa a gaban masu bincike cewa ya karɓi dala 5,000. Masu kare shi na nuni da cewa a gasar ya samu .375 da bugun nasara 12, fiye da kowa.

A watan Agustan 1921 masu taya alƙali yanke hukunci suka wanke waɗanda ake tuhuma. Washegari kwamishina Kenesaw Mountain Landis ya haramta wa su takwas wasa har abada. Jackson ya rasu a 1951. Sai a watan Mayun 2025 kwamishina Rob Manfred ya yanke cewa irin wannan haramci yana ƙarewa da mutuwar mutum, abin da ya buɗe ƙofar duba sunansa don shiga Zauren Gwarzaye da ke Cooperstown.

Babe Ruth ya sauya ma'anar gwaninta

A 1920 abubuwa suka juya. An hana shafa wa ƙwallo yawu, kuma bayan jifan Carl Mays ya sami Ray Chapman na Cleveland a ka ya kashe shi a watan Agusta, alƙalan wasa suka riƙa sauya ƙwallo da zarar ya yi datti. Fari, tauri, mai saurin tashi: irin ƙwallon da masu bugu ke so ke nan.

George Herman Ruth, wanda ya girma a makarantar gyaran hali a Baltimore, ya fara ne a matsayin mai jifa a Boston. An sayar da shi ga New York Yankees kan dala 100,000. A 1920 ya ƙetare shinge sau 54, fiye da jimillar kowace ƙungiya a American League ban da tasa. Ya yi 59 a 1921, ya yi 60 a 1927, ya kammala da 714 da matsakaicin .342. A 1930 albashinsa dala 80,000 ne, sama da na shugaban ƙasa Herbert Hoover.

Masu bugun gurbi ma sun ci moriyar sauyin. George Sisler ya tara bugun nasara 257 a 1920, tarihin da ya tsaya har Ichiro Suzuki ɗan Japan ya yi 262 a 2004. Rogers Hornsby ya samu .424 a 1924, kuma idan aka haɗa kakanninsa biyar daga 1921 zuwa 1925 matsakaicinsa ya haura .400. Tris Speaker ya bar .345 da bugun zango biyu 792, wanda har yau ba a kamo ba. Da aka yi zaɓen farko na Zauren Gwarzaye a 1936, Cobb ya samu ƙuri'a 222 cikin 226, Ruth da Wagner suka samu 215 kowannensu.

Waɗanda aka bari a waje

Duk waɗannan alƙaluma an tara su ne a gasannin da baƙaƙe ba sa ciki. A watan Fabrairun 1920, Rube Foster ya tara masu ƙungiyoyin baƙaƙe a Kansas City suka kafa Negro National League. A irin waɗannan gasanni aka ga Oscar Charleston, John Henry Lloyd da ake kwatantawa da Wagner, Turkey Stearnes, Buck Leonard, da Josh Gibson na Homestead Grays da Pittsburgh Crawfords. Gibson ya rasu ranar 20 ga Janairun 1947 yana da shekara 35, wata uku kafin Jackie Robinson ya shiga fili wa Brooklyn Dodgers ranar 15 ga Afrilu.

A watan Disamban 2020 MLB ta amince cewa gasannin baƙaƙe bakwai da aka yi tsakanin 1920 da 1948 manyan gasanni ne. Alƙalumansu sun fito ne daga aikin masu bincike da suka shafe shekaru suna tono jadawalin wasanni a tsofaffin jaridu, ciki har da na baƙaƙe irin su Pittsburgh Courier da Chicago Defender. Da aka shigar da 'yan wasa sama da 2,300 cikin kundin a 2024, jerin ya koma haka: Gibson .372, Cobb .367, Charleston .363, Hornsby .358. Tarihin kaka guda ma ya bar hannun Duffy ya koma ga Gibson, wanda ya samu .466 a 1943.

Matakin ya jawo muhawara. Masu suka na cewa kakar baƙaƙe gajera ce, shi ya sa aka nemi tsayuwa 1,800 kawai daga gare su alhali ana neman 5,000 daga sauran. Wannan ƙa'ida ce ta fitar da Jackson daga jerin, domin tsayuwarsa 4,981 ce. Masu goyon baya na amsa cewa gajartar kakar sakamakon wariyar ce, domin ƙungiyoyin baƙaƙe yawancinsu hayar fili suke yi, kuma da yawon wasannin sada zumunta suke samun abin biyan albashi. Suna ƙarawa da cewa idan Gibson bai fuskanci fararen masu jifa a gasa ba, Cobb da Ruth ma ba su fuskanci baƙaƙe ba.

Gyaran bai game kowa ba. Allon tunawa da Gibson a Cooperstown, inda aka shigar da shi a 1972, ya ce ya ƙetare shinge kusan sau 800, amma wanda kundin ya tabbatar bai kai 200 ba, saboda wasannin gasa masu jadawali kawai aka ƙirga. Shekarun da Lloyd da Pete Hill suka yi suna ganiyarsu kafin 1920 ba sa cikin lissafin. MLB ta ce za ta ci gaba da sabunta alƙaluman duk lokacin da aka gano sabon jadawali, don haka matsakaicin Gibson ma yana iya motsawa sama ko ƙasa.